Wa Ke Tantance Shugaban Gidan Rainon Yara? Darasi Daga Kalifoniya

Duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yadda gidajen rainon yara da makarantun naziri suka yawaita a 'yan shekarun nan, har ta kai da wuya ka ratsa wata unguwa ba ka ga allon ɗaya ko biyu ba. Dalilin kuwa a fili yake. Matanmu sun yi karatu, sun kama aiki a asibitoci da bankuna da makarantu da ma'aikatun gwamnati, sannan zaman gandu da a da yake samar da kaka ko gwaggo ko ƙanwar miji da za a bar wa yaro ya ja baya ƙwarai a birane. Dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 kacal ta tanadar wa mai haihuwa, wato uwa na iya komawa bakin aiki jaririnta bai ko fara zama ba. Daga nan kuma, tun daga hantsi har la'asar, ransa da lafiyarsa da tarbiyyarsa suna hannun mutanen da iyayensa ba su san komai a kansu ba, in ban da abin da aka rubuta a jikin allon ƙofa.

Idan muka je neman irin wannan wuri, tambayoyin da muka saba yi ba su wuce uku ko huɗu ba: nawa ne kuɗin zango, akwai motar ɗaukar yara, ana yi musu Turanci, akwai janareta? Tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi ita ce ba mu cika yi ba, wato wane ne shugaban wannan wuri, me ya karanta, wa ya tantance shi, kuma yaushe aka yi masa tantancewar ƙarshe? A nawa ra'ayin, lokaci ya yi da jihohinmu za su wajabta wa duk wanda zai shugabanci gidan rainon yara mallakar lasisi da sunansa, lasisin da ke da ranar ƙarewa, wanda ba za a sabunta masa ba sai ya nuna ya ƙaro ilimi. Domin mai karatu ya ga cewa wannan ba mafarki ba ne, zan kawo yadda ake yi a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, da abin da tsarin nasu ya gyara da kuma inda ya yi tuntuɓe.

Ita dai Kalifoniya ta daɗe a wannan harka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin tarayyar Amurka ta ba da kuɗi an buɗe cibiyoyin rainon yara domin matan da suka shiga masana'antun ƙera jirage da makamai. Da tallafin ya tsaya a 1946, yawancin cibiyoyin a sauran jihohi suka rufe, amma Kalifoniya ta ci gaba da ɗaukar nauyin nata daga aljihunta. Tunda kuwa kuɗin jama'a ake kashewa, sai ya zama dole a san wanda ake bai wa aikin. A yau Hukumar Tantance Malamai ta jihar, wadda aka kafa da wata doka ta 1970, ita ce ke ba da takardar izinin aiki da ƙananan yara, kamar yadda take bai wa malaman firamare da sakandare tasu.

Takardar izinin hawa-hawa ce, tamkar tsani mai matakai shida. A ƙasa akwai mai taimako, wanda ake nema ya yi yunit 6 na karatun rainon yara a kwaleji. Yunit shi ne ma'aunin nan da ɗalibanmu na jami'a suka sani, wanda kwas ɗaya na zangon karatu yawanci yake ɗauke da guda 3, don haka yunit 6 kamar kwas biyu ke nan. Sama da shi akwai mataimakin malami, mai yunit 12 da aikin kwana 50 a cikin aji. Sai cikakken malami, mai yunit 24 na fannin yara da wasu 16 na ilimin bai-ɗaya da aikin kwana 175. Sai babban malami, wanda ya ƙara ƙwarewa a wani ɓangare kuma ya yi aikin kwana 350. Sai mai kula da cibiya guda, wanda ake nema ya kammala karatun kwaleji na shekara biyu, ya karanci gudanar da mulki, ya kuma yi aikin kwana 350, daga ciki aƙalla 100 yana sa ido a kan ma'aikata manya. A ƙololuwa kuma akwai daraktan shiri, wanda takardarsa ta ba shi ikon shugabantar cibiya ɗaya ko cibiyoyi da yawa, da tsara manhaja, da horar da ma'aikata.

Hanyar da aka fi bi wajen zama darakta ita ce mutum ya mallaki digirin farko, ba lalle sai a fannin yara ba, amma dole ya haɗa da yunit 24 na ilimin ƙananan yara. A cikin waɗannan akwai darussa uku da ba a yafewa: yadda yaro ke girma a jiki da ƙwaƙwalwa, dangantakar yaro da iyalinsa da al'ummarsa, da kuma tsara abin da za a koya masa. Bayan haka sai yunit 6 na gudanar da cibiya, wato kasafin kuɗi da doka da ɗaukar ma'aikata, da yunit 2 na sa ido a kan manya, sannan shekarar aiki guda a matsayin mai kula da cibiya. Wanda ke da digiri na biyu a ilimin ƙananan yara yana da tasa gajeriyar hanya. Kowa dai, daga mai taimako har darakta, sai an ɗauki hoton zanen yatsunsa an aika wa Ma'aikatar Shari'a ta jihar da hukumar FBI, domin a tabbatar ba shi da tabon laifin da zai hana a bar shi da yara.

Abin da ya fi jan hankalina a cikin wannan jeri shi ne yunit 8 ɗin nan na mulki da sa ido. Waɗanda suka tsara shi sun gane cewa iya lallashin yaro daban, iya riƙe ma'aikata ashirin daban. Darakta ne ke yanke shawarar wa za a ɗauka aiki, yara nawa za a tara wa mai raino ɗaya, wa aka yarda ya zo ɗaukar yaro idan an tashi, me za a yi idan jariri ya shaƙe da abinci, kuma wa za a kira idan aka ga shatin bulala ko ƙuna a jikin yaro. Mai raino komai kirkinta, idan aka tara mata jarirai goma sha biyar ita kaɗai, to, an riga an shirya mata faɗuwa, kuma wanda ya tara matan shi ne mai laifin farko. A cibiyoyin da gwamnatin Kalifoniya ke bai wa kuɗi, ƙa'ida ita ce babba ɗaya ga jarirai 3, babba ɗaya ga yara 8 masu shekarun naziri, kuma darakta ne zai amsa tambaya idan mai duba aiki ya tarar da saɓanin haka.

To, sai kuma batun sabuntawa, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin. Takardar darakta shekara 5 take yi ta mutu. Kafin a sabunta masa, sai ya cika sa'o'i 105 na ƙarin ilimi a cikin waɗannan shekaru, wato sa'o'i 21 a kowace shekara, abin da bai kai aikin kwana uku ba. Ba kuma shi kaɗai zai zauna ya zaɓi abin da ya ga dama ba. Doka ta ce ya samu mai ba da shawara daga cikin ƙwararrun fannin, su tsara burin da yake son cimmawa, mai shawarar ya amince da shirin, sannan ya sa hannu bayan an kammala. Kwas a kwaleji yana shiga lissafi, haka taron bita, haka bincike ko horar da na baya. Hukumar kuma tana da ikon neman ganin takardun shaida. Wanda ya yi sakaci takardarsa ta mutu, kujerar da ke buƙatar takardar ta haramta gare shi har sai ya gyara. Ban da wannan, hukumar da ke ba cibiyoyi lasisi tana da nata sharuɗɗan masu wa'adi: horon agajin gaggawa da farfaɗo da numfashin yaro, wanda ake sabunta shaidarsa lokaci-lokaci, da horon gane alamun cin zarafin yara da kai rahotonsa, wanda tun 2018 ake maimaitawa duk bayan shekara biyu.

Wani zai ce, mutumin da ya shekara ashirin yana raino, me kuma za a koya masa? Amsar tana cikin tarihin fannin kansa. Shekaru da dama likitoci a Turai da Amurka suna ba da shawarar a kwantar da jariri rub-da-ciki. Da bincike ya nuna hakan na da alaƙa da mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci, sai ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sauya shawarar a 1992, aka kuma ƙaddamar da gangamin kwantar da jariri rigingine a 1994, kuma cikin shekaru goma adadin irin wannan mutuwa ya ragu da kusan rabi a ƙasar. Daraktan da ya gama karatunsa a 1985 bai sake komawa aji ba, zai ci gaba da koya wa ma'aikatansa abin da ke kashe jarirai, da zuciya ɗaya, yana ganin daidai yake yi. Ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka takardar da ke shaidar ilimi bai kamata ta zama ta mutu-ka-raba ba. Hausawa ma sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka.

Sai dai adalci ya sa in faɗi inda tsarin ya gaza, domin kada mu kwaso shi da ƙurarsa. Na farko, wannan takarda ba ta wajaba a kan kowace cibiya a Kalifoniya ba. Ta wajaba ne a kan waɗanda ke karɓar kuɗin gwamnatin jiha bisa kwangila. Cibiyoyi masu zaman kansu suna ƙarƙashin wata doka mai sauƙi, wadda ta yarda wanda ya gama sakandare ya zama darakta idan yana da yunit 15 da ƙwarewar koyarwa ta shekara 4, kuma ta yarda malami ɗaya ya riƙe yara 12. Na biyu, wanda ya fi ciwo, shi ne albashi. A 2023 matsakaicin abin da mai rainon yara ke samu a Amurka bai wuce kimanin dala 30,000 a shekara ba, wanda ke cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar. Sakamakon haka, da yawa daga waɗanda suka wahala suka yi digiri sai su tsallaka zuwa firamare inda ake biya da kyau, a bar cibiyoyin da ƙarancin ma'aikata. Wannan ƙarancin ne ya sa a 2024 majalisar dokokin jihar ta janye tsohon sharaɗin da ya ce mataimakin malami sau ɗaya tak zai sabunta takardarsa, in bai hau mataki na gaba cikin shekara 10 ba ya rasa ta. Ita kanta hukumar ta kafa kwamiti a 2023 domin sake duba tsanin baki ɗaya.

Birnin Washinton ma ya ɗanɗana irin wannan. A watan Disamba na 2016 hukumomin birnin suka fitar da ƙa'idar cewa daraktocin cibiyoyi sai sun yi digiri, malamai kuma sai sun yi karatun kwaleji na shekara biyu. Masu raino da wasu iyaye suka yi ca, wasu suka garzaya kotu suna cewa za a raba mata masu ƙwarewa da sana'arsu, a kuma tsawwala wa iyaye kuɗi. Aka yi ta ɗage wa'adin. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar ƙa'idar a tsaye a 2022, amma abin da ya kwantar da ƙurar a aikace shi ne matakin da majalisar birnin ta ɗauka a 2021, na ƙara haraji a kan masu manyan kuɗaɗen shiga domin kafa asusun ƙara wa malaman yara albashi. Darasin a nan shi ne, duk gwamnatin da ta ɗaga sharaɗi ba ta sauƙaƙa hanyar cika shi ba, to, korar talaka kawai ta yi daga sana'a.

Idan muka dawo gida, za mu tarar ba takardun manufa muka rasa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara a cikin ilimin tushe. A 2007 an fitar da manufar ƙasa kan raya ƙananan yara, kuma hukumar NERDC ta wallafa mafi ƙarancin ƙa'idojin da cibiyar raino za ta cika. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙayyade mai raino ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya ga yaran naziri 25. Kwalejojin ilimi suna ba da takardar NCE a fannin kula da ƙananan yara, kuma hukumar TRCN, wadda aka kafa da doka ta 1993, tana yi wa malamai rajista tana ba su lasisi. Amma takardar amincewar da jiha ke bai wa makaranta mai zaman kanta da sunan makarantar take fita, kuma abin da masu duba aiki suka fi dubawa shi ne gini da fili da banɗaki da rasidin biyan kuɗi. Duk waɗannan suna da muhimmanci, sai dai bango ba ya dukan yaro, kuma rufin kwano ba ya mantawa da jariri a ɗaki. Mutum ne ke yin haka.

Ba mu manta da abin da ya faru a Kano ba. A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5, kuma a watan Janairu na 2022 ta bayyana cewa mai makarantar da take zuwa ne ya sace ta ya kuma hallaka ta. Babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na wannan shekara. A cikin zafin abin, gwamnatin jihar ta soke takardun izinin dukkan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Ba na da'awar cewa lasisi zai iya karanta abin da ke zuciyar mugu. Abin da nake cewa shi ne, sokewar gaba ɗaya ihu ne bayan hari, kuma ta nuna hukuma ba ta da wata hanya ta yau da kullum da take bi tana sanin su wane ne ke riƙe da 'ya'yan jama'a. Da akwai tsarin da ke dawo da kowane shugaban makaranta gaban hukuma bayan 'yan shekaru, da ba sai an jira rai ya salwanta za a tuna da tantancewa ba.

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Likita a Nijeriya duk shekara yake sabunta lasisinsa, kuma sai ya nuna makin ƙarin ilimi. Direba shekara 3 ko 5 lasisinsa ke yi. Kantin magani na zamani ba ya samun rajista sai an ambaci sunan ƙwararren mai harhaɗa magunguna da zai ɗauki alhakin wurin, kuma duk shekara ake sabunta rajistar. Ashe mun yarda cewa kwalbar magani ta cancanci a san wanda ke tsaronta. To, yaya jariri ɗan wata huɗu? Sai dai misalin kantin maganin yana ɗauke da gargaɗi, domin sanannen abu ne cewa akan samu masu ba da hayar lasisinsu ga mai kanti, su karɓi kuɗi su yi tafiyarsu, a bar yaron shago da sayar da magani. Idan ba a yi hattara ba, haka za a riƙa hayar takardar shugaban gidan raino, a rataye ta a bango, mai ita yana wani gari.

Saboda haka shawarwarina ga ma'aikatun ilimi da na harkokin mata da majalisun dokokin jihohinmu su ne kamar haka. Da farko, kowace takardar amincewa da za a bai wa gidan raino ko naziri ta ɗauki sunan shugaban da zai amsa tambaya, da hotonsa, da ranar da lasisinsa zai ƙare, a liƙa a inda iyaye za su gani. Mutum ɗaya kada ya riƙe fiye da wuri ɗaya sai da izini na musamman, kuma mai duba aiki ya riƙa zuwa ba sanarwa, ya tarar da mai sunan a bakin aiki. Idan shugaba ya bar aiki, a sanar da hukuma cikin 'yan makonni.

Na biyu, a gina tsani, kada a kafa katanga. Akwai dubban mata da suka shekara suna wannan aiki da amana ba tare da takardar komai ba, kuma korarsu zalunci ne, sannan asara ce ga yaran. A fara musu da gajeren kwas na 'yan makonni, cikin harshen Hausa, a kan tsafta da ciyarwa da agajin gaggawa da alamun cin zarafi, a kuma lissafa musu shekarun da suka yi suna aiki. Daga nan mai so ta hau zuwa NCE ta hanyar karatun ƙarshen mako ko na hutu, wanda kwalejojin ilimi da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suka daɗe suna gudanarwa. Shi kuwa shugaba, a nemi NCE ko digiri, da kwas na musamman a kan gudanar da cibiya, da shekarun aiki a cikin aji, a kuma ba waɗanda ke kan kujera yanzu wa'adi mai ma'ana su cika.

Na uku, lasisin ya riƙa ƙarewa bayan shekara 3 zuwa 5, kuma sharaɗin sabuntawa ya zama sa'o'in horo da wani malamin kwaleji zai tabbatar da sa hannunsa, wanda shi ma za a tuhume shi idan ya yi shaidar zur. A nan ne babban haɗarin yake, domin mun san halinmu: da zarar an ce sabuntawa, sai ta rikiɗe ta zama hanyar tara kuɗin shiga, taron bita kuma ya zama wurin sayar da satifiket. Kuɗin lasisi ya zama kaɗan, horon kuma gwamnati ta ɗauki mafi yawan nauyinsa, ta buɗe wa ma'aikatan makarantu masu zaman kansu ƙofar bitar da hukumomin ilimin bai-ɗaya ke shirya wa malaman gwamnati, tunda yaran duk na jiha ɗaya ne.

Na huɗu, a nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda ga duk wanda zai yi aiki da yara, a kuma buɗe kundin waɗanda aka soke wa lasisi saboda cutar da yaro, jihohi su riƙa musayarsa, domin kada wanda aka kora a Zariya ya je Katsina ya sake kafa allo da sabon suna.

Kafin gwamnati ta motsa, mu iyaye muna da abin yi, musamman mu da Allah Ya ba ilimi da halin biya. Mai makaranta ɗan kasuwa ne, abin da masu saye ke tambaya shi yake tanada. Da iyaye goma za su shiga ofishinsa a mako guda, kowa ya nemi ganin takardun shugaba, ya tambayi jarirai nawa ke hannun mai raino ɗaya, ya tambayi wa ya iya agajin gaggawa kuma yaushe aka horar da shi, da kafin zango ya ƙare an ga canji. Kuma idan amsar ta zo da ƙarin kuɗin makaranta domin a biya masu raino albashin da zai riƙe su, to, mu daure mu biya, domin wadda ke goye da ɗanka sa'o'i takwas a rana ba ta cancanci ta zama mafi ƙarancin albashi a cikin duk waɗanda kake biya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haƙƙinmu ne mu san hannun da ke tanƙwarawar. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon tsare amanar da ke wuyansu.